Maganar Da Na Sa Wa Tsoho A Baki

Zauren gidanmu na unguwar Gobarau ya faɗi a daminar da ta wuce, 'yan'uwa suka ce kada a sake tayar da shi da ƙasa. Yanzu shaguna biyu ne a wurin. Ɗaya ana cajin waya, ɗayan kuma an sa injin buga takardu, 'yan makaranta na zuwa a fitar masu da aikin gida. Rannan na tsaya ina kallon su. Wata yarinya ta miƙa waya, aka latsa, injin ya yi ƙara, sai ga shafi huɗu sun fito da ɗuminsu, ta naɗe ta wuce ko duba abin da ke ciki ba ta yi ba. Ban ga laifinta ba. Kowa a garin nan zai iya yi wa ɗalibi faɗa don ya kai wa malaminsa abin da ba nasa ba, ban da ni. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne, daidai inda injin nan yake, nan kakana ke shimfiɗa buzunsa.

A zamaninmu aikin makaranta da jiki ake yin sa. Makarantar kwana nake, a nan cikin gari, amma ba ka leƙa gida sai ranar Asabar ɗin fita. Ƙararrawarmu wani tsohon ƙarfen taya ne da aka rataye a bishiyar darbejiya, in aka buga shi bayan la'asar kowa ya san lokacin bita ya yi. Sai aji ya yi tsit, ba ka jin komai sai kan alƙaluma na karce takarda, da ƙarar benci in wani ya gyara zama, da tarin wanda alli ya shaƙe. Littafin tarihi ɗaya mu uku muke karɓa-karɓa da shi, ranar da ya zo hannunka sai ka kwafe babi guda da hannu kafin mai jira ya fara yi maka tsaki. In an ba mu zanen taswira, mukan shafa wa farar takarda man gyaɗa har ta yi shara-shara, mu ɗora a kan littafi mu bi layin kogi da fensir, don haka duk littattafanmu na tarihi ƙamshin ƙuli-ƙuli suke yi. Abin da ka kwafa da hannunka ba ya barin ka da wuri. Har yau ina iya jero sarakunan da na rubuta a kan bencin nan, alhali lambar wayar ɗana sai na duba.

Malaminmu na tarihi wani siririn mutum ne mai keke, bai taɓa ɗaukar bulala ba, amma mun fi tsoronsa a kan masu duka. Duk abin da ka faɗa a ajinsa, sai ya karkata kai ya ce, “Wa ya ce?” In ka ce littafi, ya ce, “Shi mai littafin wa ya gaya mashi?” Da haka muka sa mashi suna Malam Wa-ya-ce, har ya zama wasu ba su san sunansa na yanka ba.

Ina aji huɗu shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula. Mu tun da muka yi wayo soja muka sani, ba mu taɓa ganin akwatin zaɓe ba. Gari ya cika da tutoci da hotuna, motoci masu lasifika na zagaya unguwanni, rediyo ba ta da zance sai na ƙuri'a. Ana gobe za a ba da dogon hutu, Malam ya shigo aji ya rubuta aikin hutu a allo. Ya ce kowa ya nemi dattijo ko dattijuwa da suka ga siyasar farko, wadda aka yi kafin soja, ya zauna da su ya tambaye su abin da suka gani da idonsu. A rubuta da Hausa yadda aka ji, sannan a juya zuwa Turanci. A saman takarda a sa wanda aka tambaya, da ranar, da wurin.

“Ban ce ku gyara masu magana ba,” in ji shi. “Kada ku ƙara, kada ku rage. In tsoho ya yi shiru, ku rubuta cewa a nan ya yi shiru.”

Ni murna na yi, don na san duk ajin ba wanda ya kai ni samun mai labari. Kakana, wanda mu jikoki muke kira Tsoho, baduku ne. Tun safe yake zama a zaure da fatunsa ja da baƙi, da basilla, da 'yar wuƙarsa, yana ɗinka kube da jaka da gidan laya. Kowa a unguwa ya san cewa a siyasar farko yana cikin 'yan adawa, a zaurensa ake taro, kuma an kama shi an ɗaure shi wata da watanni. Na sha ganin tabon da ke bayansa in ya tuɓe zai yi alwala da zafi. Amma bai taɓa buɗe baki a kan abin ba, ko ga mahaifina. A wannan damina samarin sabuwar jam'iyya suka gano shi, kullum sai sun zo sun durƙusa a ƙofar zaure suna kiran sa uban gwagwarmaya, suna roƙon ya sa masu albarka. Ba ya ɗaga kai daga ɗinki. Iyakarsa ya ce, “Ku dai ku bi a hankali, 'yan samari. Duk mutane ne.”

Ƙofar gidanmu tana kallon ta Malam Sanda, ladanin masallacin unguwa. Sa'an Tsoho ne, tare suka tashi. Muryarsa siririya ce mai tafiya nesa, in ya ja kiran sallar la'asar mutanen da ke gona bayan ganuwa sukan ce suna ji. Jikansa Lawal abokina ne tun muna rarrafe, ajinmu ɗaya, gadonmu a makaranta kusa da juna. Abin da na lura da shi tun ina ƙarami shi ne, tsofaffin nan biyu suna gaisawa kullum, gaisuwa cikakkiya har da tambayar iyali, amma ban taɓa ganin ɗaya ya taka zauren ɗaya ba. A masallaci in wannan yana gefen dama na sahu, wancan yana hagu. Na kuma taɓa jin mata a tsakar gida suna surfe suna cewa ƙasa-ƙasa, ai a wancan zamani na kusa ne ke kai sunan mutum.

Hutun damina ba hutu ba ne a wurinmu. Da safe a tafi gona bayan Ƙofar Durbi a yi noma, a dawo da ciyawar awaki a ka. In ruwa ya ɗauke a kwaɓa ƙasa a hau soro a toshe inda ke yoyo, a gyara indararo, a kai niƙa, a cika randuna. Sai da aka yi sati biyu na samu Tsoho shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, “Ɗan boko, yau kuma mi aka zo ci?” Haka yake tsokana ta. Na gaya mashi aikin da aka ba mu.

Basillar da ke hannunsa ta tsaya. Ya ɗago ya dube ni.

“Malamin naku ya ce a rubuta yadda aka hwaɗa?”

“Haka ya ce, Tsoho. Ba ƙari ba ragi.”

“Shekarunka nawa yanzu?”

Na ce sha bakwai.

“To, ka isa.” Ya ajiye basillar. “Ka zo ranar Alhamis bayan la'asar, da littahinka. Akwai maganar da ko ubanka ban hwaɗa ma ba. Na gaji da riƙon ta.”

Ranar Alhamis ɗin nan ce aka yi babban gangamin siyasa a gari, na ƙarshe kafin zaɓe. Tun hantsi ganguna ke tashi. Muna fitowa daga sallar azahar sai ga motar a-kori-kura ta tsaya a bakin lungunmu cike da samari, ana ta raba 'yan tutoci. Lawal ya riga ya haye, ya miƙo mani hannu yana cewa, “Taho mana, kafin la'asar mun dawo.” Na san ba za mu dawo ba. Na kama hannunsa na hau. Abin da na gani a filin nan yau ba zan iya kawo ko jimla ɗaya daga cikin jawaban ba, sai dai ƙura da ihu da wani mutum da hularsa ta faɗi aka tattake. Ana kiran magariba muka shigo unguwa a ƙasa, murya ta dushe.

Mahaifiyata na bakin murhu, ba ta ɗago ba ta ce, “Tsoho ya sa babbar rigarsa tun azahar. Ya kwashe fatu, ya sa an share zaure, ya sallami masu zuwa hira. Yana nan zaune shi kaɗai har aka kira salla. Wa yake jira, ka sani?”

Na ce ban sani ba.

Da safe na je gaishe shi. Ya amsa kamar kullum, ya ce, “An dawo lahiya?” Na ce lafiya lau. Bai ƙara komai ba, ya ci gaba da yankan fata. Da ya yi mani faɗa da na samu bakin ba da haƙuri. Da bai yi ba, sai kunya ta rufe ni, na riƙa cewa gobe, gobe, ina bi ta ƙofar baya don kada in ratsa zaure. Aka yi zaɓe aka gama, gero ya yi kai, hutu ya ƙare ban koma ba.

Ana jibi komawa makaranta na hau soro da hantsi, da littafi da biro. Ina da hannun rubutu, malamai sun sha faɗa mani, kuma ranar nan hannun ya yi aiki. Na sa sunan Tsoho a sama, na sa Alhamis bayan la'asar, na sa zauren gidanmu. Na kwaikwayi maganarsa tsaf, yadda yake cewa “wanga” da “halan”, har na riƙa sa “a nan ya yi shiru” a wuraren da suka dace. Na ba shi jarumtar da nake so ya kasance da ita: an doke shi kwana da kwanaki bai buɗe baki ba. Da na zo kan wanda ya kai shi, sai na haɗa gaisuwar nan ta nesa-nesa da zancen mata a bakin turmi, na rubuta cewa Tsoho ya ce, “Maƙwabcina ne, wanda ƙofarsa ke kallon tawa.” Ban sa suna ba, na ɗauka hakan ya isa. Gaskiyar magana, lokacin da nake rubutawa ban ji kamar ƙarya nake yi ba. Ji na yi kamar na gano abin da kowa ya kasa ganowa.

Sati biyu da komawa Malam ya dawo da takardunmu. Tawa ce a sama. Ya ce a shekarun da ya yi yana koyarwa bai ga aikin ɗalibi kamar wannan ba, ya sa na fito gaban aji in karanta na Hausar. Na karanta, aji ya yi tsit. Sai da na iso layin maƙwabci na tuna cewa Lawal na zaune a benci na uku, da wasu yara biyu 'yan unguwarmu a baya. Bakina ya riga ya furta. Aka tafa mani. Lawal bai tafa ba.

A bakin famfo ya same ni da yamma.

“Ranar Alhamis da la'asar kana bayan mota tare da ni,” in ji shi.

Nan ne Allah ya ba ni ƙofar fita, na ƙi bi. Na ce, “Kuskuren rana na yi. Washegari ya gaya mani.”

“Da bakinsa?”

“Da bakinsa.”

Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Na ga lokacin da ya yarda da ni. Ya ɗauki bokitinsa ko rabi bai cika ba ya tafi.

Yaran nan biyu suka kai labari unguwa ranar Asabar ɗin fita. Lokacin zaɓe ya wuce amma zukata ba su huce ba, waɗanda suka faɗi suna neman wanda za su huce a kansa. Samarin da ke durƙusa wa Tsoho suka samu abin yi. Aka rubuta “munafuki” da gawayi a bangon Malam Sanda. In ya fito yara su bi shi da waƙa. Wasu suka je wurin liman suka ce ba za su amsa kiran wanda ya sayar da maƙwabcinsa ba. Malam Sanda bai yi musu da kowa ba. Ya daina hawa kiran salla, ya koma yin sallarsa a sahun baya. Duk wannan ina makaranta ban sani ba, sai da mahaifina ya zo da kansa wata Asabar ya ɗauke ni, ya ce in taho da takardar.

Tsoho na zaune a zaure, ba fata a gabansa. Ya ce, “Zauna. Karanta mani abin da na ce.”

Na karanta. Ban taɓa jin abu mai tsawo kamar shafukan nan huɗu ba. Ina jin muryata tana kwaikwayon tasa a gabansa, har da wuraren da na ce ya yi shiru. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, “Wanga mutum da ka rubuta namiji ne. Ina ma na san shi.” Sannan ya dafa bango ya miƙe. “Ɗauko mani sandata. An kusa la'asar.”

Wani saurayi ne ya kira sallar. Da aka sallame, kafin mutane su miƙe, Tsoho ya tashi tsaye ya juyo ya fuskanci jama'a. Masallacin cike yake, har da samarin jam'iyya.

“Jama'a, ku dakata mani kaɗan. Jikana ya rubuta magana da sunana, ban hwaɗe ta ba. Yaro ne, ku bar shi da ni. Amma ga wadda zan hwaɗa, ku ji da kunnenku. Sanda bai taɓa kai sunana ko'ina ba. Da aka kama ni, kwana ukku ana tambaya ta su wa ke zama taro a zaurena. Rana ta ukku na kasa. Na ba da suna guda, sunan Garba, ƙanen Sanda. Aka kawo shi inda nike. Ya hito da tari a ƙirji, bai ga wata damina ba. Sanda ya san haka tun ranar. Shekara ashirin da 'yan kai yana buɗe ƙoharshi yana ganin tawa, yana gaishe ni, bai hwaɗa ma kowa ba. Wanda za ku rubuta ma suna a bango, ga shi tsaye.”

Ba wanda ya yi motsi. Daga sahun baya Malam Sanda ya ce, “Da ka bari. Ni ban nemi wannan ba.”

Tsoho ya ce, “Na sani.”

Mutane suka fita ɗaya bayan ɗaya ba mai kallon wani. Ni na riƙe wa Tsoho takalma a ƙofa. Maganar da ya yi niyyar ajiye wa jikansa shi kaɗai, a zaurensa, cikin babbar rigarsa, ni na sa ya kwance ta a gaban unguwa. Daga ranar samarin nan ba su sake tsayawa a ƙofarmu ba, masu zuwa hira ma suka ragu. Aka goge bangon Malam Sanda, liman da kansa ya je ba shi haƙuri, amma bai sake hawa kiran salla ba. Ya ce murya ta tafi. Lawal ya ɗauke akwatinsa ya koma can ƙarshen ɗakin kwana. Yau shi ma ya yi furfura, mukan haɗu a wurin jana'iza ko ɗaurin aure mu gaisa har da tambayar iyali, daga nan kowa ya nemi wurin zamansa.

Ranar Litinin na samu Malam a ofishin malamai na gaya mashi komai. Na zaci za a kai ni gaban shugaban makaranta. Ya karɓi takardar, ya ja layi ɗaya a kan makin da jan biro, ya daɗe yana kallon ta.

“Ni ma da nawa laifin,” in ji shi. “Kowa ina tambayarsa, kai ban tambaye ka ba, don labarin ya yi mani daɗi.” Ya miƙo mani. “Ka je ka sake. Ba maki a ciki. Amma sai ka kawo.”

Da aka ba da hutu na gaba na je wa Tsoho da littafi. Ya ce, “Na gama magana, ɗan boko.” Ba da fushi ya faɗa ba. Na fito na tsaya a ƙofa ban san inda zan nufa ba, sai na ga Malam Sanda zaune a zaurensa yana jan carbi. Ban san abin da ya tura ni ba, na tsallaka na yi sallama, na durƙusa na nemi gafararsa. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sannan ya dubi littafin.

“Har yanzu aikin ne?”

Na ce eh.

“To rubuta Garba. Tun da aka rufe shi ba wanda ya tambaye ni shi.”

Kwana uku ina zuwa bayan la'asar. Bai ce komai a kan siyasa ba. Ya ce Garba magini ne, yana kiwon tantabaru a kan soro, in ya yi fito sai su sauko mashi a kafaɗa. Yana tsoron kunama fiye da yadda ya kamata namiji ya ji tsoro. Yana son ɗanwake da mai ya yi yawa. Zuwa taron ma ba don jam'iyya yake yi ba, don ana dafa shayi ne, kuma yana son zama kusa da kakana, wanda yake kira Yaya. An sa mashi rana da wata yarinya a Ƙofar 'Yandaka. Wani lokaci Malam Sanda ya yi dariya, wani lokaci ya tsaya ya daɗe, ni kuma in rubuta cewa a nan ya yi shiru. Na kai wa Malam Wa-ya-ce, ya karanta a tsaye, ya mayar mani bai sa ko ɗigon jan biro ba.

Da bazara ta kama Tsoho ya kwanta. Aka mayar da shi ɗakin cikin gida, ƙafafunsa suka kumbura. Wata Asabar na shiga duba shi da hantsi, ya ce ya ji an ce na rubuta Garba, in karanta mashi. Na karanta. Da na zo wurin tantabaru ya rufe ido, hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne. Da na gama ya kama hannuna, nasa ba nauyi kamar busasshen kara.

“Akwai abin da babu a ciki, don Sanda bai sani ba. A can inda aka tsare mu, ranar da za a sake ni, Garba ya kira ni. Ya ce, ‘Yaya, da ni aka yi ma abin da aka yi maka, da tun ranar farko na hwaɗi naka. Na yahe. Ka gaya ma Sanda kada ya riƙe ka.’” Ya numfasa. “Ban gaya mashi ba. Ta yaya zan je in ce ma mutum ƙanenka ya ce ka yahe mani? Wa ya ji? Mu biyu ne. Kai ka kai mashi, in na tahi.”

Ya rasu kafin ruwan farko. Malam Sanda na cikin waɗanda suka ɗauki makara, ya kuma zauna zaman makoki a ƙofarmu kwana uku, a waje, kan tabarma.

Bayan sadakar bakwai na tsallaka. Na same shi shi kaɗai. Na faɗa mashi saƙon kalma bayan kalma, ban ƙara ba ban rage ba, a raina ina roƙon Allah kada in yi kuskuren ko harafi. Ya saurara carbinsa na tsaye a hannu. Da na gama ya daɗe yana kallo na, kallo mai taushi, ba na tuhuma ba.

“Daga bakinshi ka ji wannan,” ya ce a hankali, “ko kuwa kai ka tsara don ka sanyaya mani rai?”

Na ce, “Wallahi, Baba, daga bakinsa na ji.”

“Akwai wani a ɗakin?”

“Babu. Mu biyu ne.”

Ya sunkuyar da kai, ya ja ƙwayar carbi ɗaya. Ya ce, “To.”

Shekara huɗu ya ƙara a duniya. Kullum na zo gida sai na shiga na gaishe shi, ya tambaye ni karatu, ya sa mani albarka. Bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban iya ba. Na yi aiki, na yi aure, na aurar, na binne iyayena, kuma a duk tsawon wannan ba a yi wata guda ban juya wannan “To” ɗin a raina ba. Wani lokaci in ji ta kamar ta wanda aka sauke wa kaya. Wani lokaci in ji ta kamar wadda ake ce wa yaro don ya tashi ya tafi. Saƙo ɗaya aka taɓa ba ni amana daga mamaci zuwa ga ɗan'uwansa, na kuma kai shi daidai. Har Malam Sanda ya koma ga Allah ban san ko ya isa ba.